"Sau Uku a Rana": Yadda Za Ka Raba Lokacin Shan Magani Daidai Wa Daida

Ka je asibiti, likita ya duba ka, an ba ka magani a 'yar ambulan an ce ka sha sau uku a rana har kwana biyar. Ka dawo gida ka sha ɗaya da karin kumallo, ɗaya da abincin rana, ɗaya da tuwon dare. A ganinka ka cika umarni. To amma ƙirga awannin da kyau. Idan ka karya da ƙarfe 8 na safe, ka ci na rana da ƙarfe 2, ka ci tuwo da ƙarfe 7:30 na dare, tsakanin shan farko da na biyu awa 6 ne, tsakanin na biyu da na uku awa 5 da rabi, sannan daga tuwon dare zuwa karin kumallon gobe awa 12 da rabi. Ka cusa wa jikinka maganin kwana guda cikin rabin kwana, ka bar ɗaya rabin babu komai.

Wannan kuskure yana cikin abubuwan da ke sa magani mai kyau ya kasa aiki. Gyaransa kuwa ba ya cin ko kwabo, lissafi ne kawai.

Me ya sa dole tazarar ta zama daidai?

Idan ka haɗiyi ƙwayar magani, tana narkewa a ciki, ta shiga jini ta hanji. Yawanta a jini yana hawa har ya kai ƙololuwa, daga nan hanta da ƙoda su fara fitar da ita, ta riƙa raguwa. Kowane magani da saurin fitarsa. Amoxicillin, wanda ake yawan bayarwa don ciwon huhu da ciwon kunne, rabinsa yana barin jini cikin kimanin awa ɗaya. Amlodipine na hawan jini kuwa sai ya yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita. Shi ya sa ake shan na farkon sau biyu ko uku a rana, na biyun kuma sau ɗaya tak.

Abin da likita yake nema shi ne maganin ya zauna a jininka tsakanin iyaka biyu. Idan ya yi ƙasa da ta farko, ba ya aiki, ƙwayoyin cuta su samu sararin hayayyafa. Idan ya haura ta biyu, ya zama illa ga jiki. Tazara madaidaiciya ita ke riƙe shi a tsakiya.

Mutumin Bunkure ko Kura ko Garun Malam ya riga ya san wannan daga gona. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya zama sana'ar yankin. Duk wanda ya taɓa noma tumatir ko albasa ya san ba a haɗa ban ruwan mako uku a zuba wa fangali rana ɗaya, sannan a tafi a bar shi. Ruwan zai kwanta saiwa ta ruɓe, bayan 'yan kwanaki kuma ƙasa ta tsage shuka ta yi yaushi. Yawan ruwan bai canza ba, rabon ne ya lalace. Haka magani yake a jikin ɗan Adam.

Lissafin: raba 24

Idan likita ya ce "a rana", yana nufin dare da yini, awa 24 cif. Sai ka raba 24 da yawan shan da aka ce.

Sau ɗaya a rana: duk awa 24, a lokaci guda kullum.
Sau biyu a rana: duk awa 12. Misali, ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 7 na yamma.
Sau uku a rana: duk awa 8. Misali, ƙarfe 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare.
Sau huɗu a rana: duk awa 6. Misali, ƙarfe 6 na safe, 12 na rana, 6 na yamma, 12 na dare.

A takardar likita za ka ga wasu gajerun haruffa. Idan an rubuta od, sau ɗaya ke nan. Bd, sau biyu. Tds, sau uku. Qds, sau huɗu. Nocte, da dare kafin barci. Prn, sai an buƙata. Lambar da ke biye tana faɗin tsawon lokaci: 5/7 kwana biyar, 2/52 mako biyu, 1/12 wata ɗaya. A jikin ambulan kuma wasu masu ba da magani suna rubuta 1-1-1, ko su yi alama a ƙarƙashin hoton rana da wata. Kada ka bar tagar karɓar magani sai ka ce a rubuta maka ainihin ƙarfe nawa za ka sha kowanne.

Ba a ce sai ka dace da minti ba. Ga yawancin magungunan da ake sha a gida, jinkirin rabin awa ko awa ɗaya ba ya ɓata komai. Abin gudu shi ne tazarar awa 8 ta koma awa 4 yau, gobe kuma awa 13.

Salla da abinci: yadda za su taimake ka

Mutane da yawa suna ɗaura shan magani a kan lokutan salla, kuma dabara ce mai kyau don ba a mantawa. Sai dai ka sani salloli biyar ba su raba kwana daidai ba. A ƙasar Kano, tsakanin Magariba da Isha awa ɗaya da 'yan mintoci ne, tsakanin Isha da Asuba kuwa ya kai awa 9. Don haka sai ka zaɓi waɗanda suka dace da lissafinka.

Ga maganin sau uku: bayan an dawo daga sallar Asuba gari ya fara haske, wajen ƙarfe 6, bayan Azahar, wajen ƙarfe 2, sai lokacin kwanciya, ƙarfe 10. Idan kana kwanciya da wuri saboda aikin gona, ja lissafin baya gaba ɗaya: ƙarfe 5 na asuba, 1 na rana, 9 na dare. Ga maganin sau biyu: bayan fitowar rana da bayan Magariba. Na sau huɗu shi ne mai wahala, domin dole ɗaya ya faɗo tsakar dare. Tambayi likita ko naka na cikin waɗanda sai an tashi, ko kuwa za a iya rarraba shi tsakanin farkawa da kwanciya.

Ƙirga yawan sha, ba yawan kwanaki kaɗai ba

Sau uku a rana har kwana biyar na nufin sha 15. Idan ka baro asibiti ran Litinin ka fara da ƙarfe 2 na rana, sau biyu kawai za ka sha a ranar. Talata zuwa Juma'a ka sha 12, sun zama 14. Na ƙarshe sai ran Asabar da ƙarfe 6 na safe. Wanda ya tsaya ran Juma'a don "kwana biyar sun cika" bai gama ba. Idan ka ga ƙwaya ta rage a ambulan bayan ka gama ƙirgenka, akwai inda aka yi tsallake.

Kuma kada ka daina don ka ji sauƙi. Jin sauƙi alama ce ƙwayoyin cutar sun ragu, amma ragowarsu na iya farfaɗowa. Idan kana ganin ba ka buƙatar ci gaba, ko maganin yana ba ka wahala, koma ka gaya wa likita shi ya yanke.

Magungunan da ke da nasu tsarin

Na farko, maganin zazzaɓin cizon sauro, artemether-lumefantrine, wanda aka fi sani da Coartem. Sha shida ne cikin kwana uku, amma tazarar farko ta bambanta. Ka sha na farko nan take, na biyu bayan awa 8, daga nan sai safe da yamma, awa 12 tsakani, har kwana biyu. Misali: Litinin ƙarfe 12 na rana da 8 na dare, Talata 8 na safe da 8 na dare, Laraba 8 na safe da 8 na dare. Idan an fara da yamma, sha na biyu zai faɗo tsakar dare, sai a sa ƙararrawar waya, kuma a nemi ma'aikacin lafiya ya rubuta lokutan duka shidan.

Dalilin kwana ukun shi ne ƙwayar cutar maleriya tana ɗaukar kimanin awa 48 kafin ta kammala zagaye ɗaya na hayayyafa a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kwana uku na magani sun rufe zagaye biyu. Wanda ya sha na kwana ɗaya zazzaɓi ya sauka ya ajiye sauran don gaba, ya bar cutar da rai a jininsa. Yawan ƙwaya kuma da nauyin jiki ake aunawa. A ƙananan ƙwayoyi masu lamba 20/120, mai kilo 5 zuwa 14 yana shan ɗaya kowane lokaci, mai 15 zuwa 24 biyu, mai 25 zuwa 34 uku, mai 35 zuwa sama huɗu. Akwai babbar ƙwaya mai lamba 80/480 wadda babba yake shan guda ɗaya a madadin huɗun, don haka a duba kwali. A sha shi da abinci mai ɗan maiƙo, kamar madara, nonon uwa ko kunun gyaɗa, domin maiƙo ke taimaka masa shiga jini. Idan yaro ya yi amai cikin rabin awa, a sake ba shi, a koma a karɓo na cikewa.

Na biyu, parasitamol. Shi lambar da aka ba ka iyaka ce: kada tazara ta gaza awa 4 zuwa 6, kada kuma a wuce sau huɗu cikin awa 24. Babba mai lafiyar hanta ba ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a kwana ɗaya. Na yara da nauyinsu ake aunawa. Ka kula, da yawa daga magungunan mura da na ciwon jiki suna ɗauke da parasitamol a ciki. Manomin da ya yini yana dashen shinkafa, ya karɓi haɗin gajiya a kemis, ya zo gida ya ƙara da parasitamol, zai iya wuce iyaka bai sani ba, hanta kuma ita ke biyan bashin.

Na uku, waɗanda aka ɗaura a kan abinci. Da yawa daga magungunan ciwon suga, kamar metformin da glibenclamide da wasu nau'o'in insulin, da cin abinci suke tafiya. Shan glibenclamide don lokaci ya yi alhali ba ka ci komai ba na iya faɗar da sugan jini har a suma. A nan ka bi abin da likita ya tsara maka game da abinci.

Akwai kuma waɗanda ba sa son wasa da lokaci ko kaɗan: maganin farfaɗiya, maganin cuta mai karya garkuwar jiki, maganin tarin tibi, da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Ka zaɓar musu lokaci ɗaya ka riƙe.

Kwana 28 ba wata guda ba ne

Lissafin nan bai tsaya a awanni ba. Akwai magunguna da allurai da ake ƙirga tazararsu da makonni, kuma a nan ma ana yin kuskure.

Duk damina ma'aikata suna bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin riga-kafin maleriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar wannan tsari a 2012 don ƙasashen yankin Sahel, aka fara shi a Najeriya a jihar Katsina a 2013, yanzu kuma ana yin sa a Kano da sauran jihohin arewa. A Kano yawanci zagaye huɗu ne, daga Yuli zuwa Oktoba. A kowane zagaye yaro yana shan magani kwana uku. Ranar farko ƙwaya biyu, sulfadoxine-pyrimethamine da amodiaquine, a gaban ma'aikaci. Rana ta biyu da ta uku, uwa ce ke ba da amodiaquine ɗaya-ɗaya a gida. Gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da tsarin sun nuna yana hana kimanin kashi 75 cikin 100 na kamuwa da maleriya a lokacin da ake ba da shi.

Kariyar kowane zagaye tana kai kimanin kwana 28, daga nan ta ragu da sauri. Shi ya sa aka raba damina gida-gida na kwana 28. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, watan Bature kuma yawanci 30 ko 31, duk sun zarce. Idan an ba ɗanki na farko ran 3 ga Yuli, na biyu ran 31 ga Yuli ne, na uku 28 ga Agusta, na huɗu 25 ga Satumba. Hanya mafi sauƙi, uwa, ki ƙirga da mako. Kwana 28 mako huɗu ne cif, saboda haka ranar ba ta canzawa. Idan ran Alhamis aka ba shi, ki ƙirga Juma'a huɗu, Alhamis ɗin da ta biyo bayan ta huɗun ita ce ranar. Idan ma'aikata sun zo ba kya gida, ki ɗauki yaron da katinsa zuwa asibitin da ya fi kusa.

Kada ki ajiye ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku don sai yaro ya yi zazzaɓi, kada kuma ki raba su da yayansa. Ki gaya wa ma'aikaci idan yaron yana zazzaɓi a ranar, ko yana shan Septrin, ko ya taɓa samun ƙuraje ko kumburi bayan shan irin wannan magani. A waɗannan halaye ba a bayarwa sai an duba shi.

Mutanen yankin noman rani suna da ƙarin abin lura. Zagayen huɗu damina kaɗai suka rufe, alhali ruwan da ke kwance a gonakin shinkafa da bakin magudanai yana ba sauro wurin hayayyafa har cikin rani. Don haka kada a naɗe gidan sauro don damina ta wuce, kuma duk zazzaɓi a yi gwajin jini, ko da a watan Fabrairu ne.

Tazarar mako huɗu ta shafi allurar riga-kafin jarirai ma. Bayan na ranar haihuwa, ana kai jariri yana mako 6, mako 10 da mako 14. Ba a matso da su ƙasa da mako huɗu, domin jiki yana buƙatar wannan lokaci kafin ya gina garkuwa. Idan an makara ba a komawa farko, sai a ɗora daga inda aka tsaya. Mai juna biyu kuma, daga mako 13 na ciki, ana ba ta Fansidar a wurin awo, wata ɗaya aƙalla tsakanin sha da sha, sau uku ko fiye kafin haihuwa. Allurar tazarar haihuwa ta "wata uku" mako 13 ce, kwana 91, ta "wata biyu" kuma mako 8. Ranar da aka rubuta a kati ita za ki bi.

Idan ka manta fa?

Ga yawancin magunguna, ka sha da zarar ka tuna. Idan kuwa lokacin na gaba ya kusa, bar wanda ya wuce, ka sha na gaba a lokacinsa. Kada ka haɗa biyu don ramuwa. Misali, na ƙarfe 2 ka tuna da shi ƙarfe 4, sha. Ka tuna da shi ƙarfe 9 na dare, jira ƙarfe 10 ka sha guda ɗaya. Insulin, magungunan tsinka jini da ƙwayoyin tazarar haihuwa suna da nasu ƙa'ida, sai ka tambaya tun ranar da aka ba ka.

Lokacin azumi

Azumi a Kano yana kai awa 13 zuwa 14, saboda haka abin da ya rage tsakanin buɗa-baki da sahur awa 10 ne zuwa 11. Maganin sau ɗaya yana shiga ba wahala. Na sau biyu ma sau da yawa ana iya sa shi a buɗa-baki da sahur. Na sau uku ko huɗu ba zai rabu daidai cikin waɗannan awanni ba. Kada ka cusa su da kanka. Je wurin likita tun kafin watan ya kama, wani lokaci akwai makamancinsa da ake sha sau ɗaya ko biyu. Idan babu, addini ya yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama. Masu ciwon suga, ciwon ƙoda da farfaɗiya su ne suka fi buƙatar wannan shawara.

Abin da za ka yi daga yau

Idan za ka fita gona da sassafe ba za ka dawo ba sai yamma, sa ƙwayar rana a aljihu cikin ledarta, ka tafi da ruwan sha mai tsabta daga gida. Kada ka haɗiye ta da ruwan magudana. Sa ƙararrawa a wayarka, ƙaramar waya ma tana yi. Zana layuka a bayan kwali ko jikin kalanda, gida ɗaya ga kowane sha, duk wanda aka sha a soke shi. Idan yaro ne ko tsoho, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin bayarwa, don kada uwa ta bayar kaka ma ta bayar, ko kowacce ta zaci ɗayar ta bayar. Maganin ruwa a auna shi da murfin awo ko sirinjin da ya zo da shi, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

Akwai alamomin da ba a jiran lokacin sha na gaba. Idan yaro yana jijjiga, ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da aka ba shi, numfashinsa ya yi sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko an kasa tashinsa daga barci, a kai shi asibiti nan take. Haka idan fuska ko leɓe suka kumbura, ko ƙuraje suka feso bayan shan magani, a dakatar da shi a garzaya. Zazzaɓin da bai sauka ba bayan kwana uku ana shan magani a kan lokaci shi ma sai an koma an sake dubawa.

Duk lokacin da aka miƙo maka magani, yi tambaya uku kafin ka juya: awa nawa tsakani, har sha nawa, da abinci ko kafin abinci? Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita.